Katangar da Aka Shafe

Wata tsohuwa ta sauka daga motar ƙarshe a tsohon garin nan na bayan birni, inda baƙi ke zuwa ɗaukar hoto a jikin katanga. Ɗanta magini ne. Wajen gyara katangar ta rufta masa, ɗan kwangila ya shafe wurin, ya ce yaron guduwa ya yi. Gawarsa ta zo karɓa.

A ƙofa ta tarar da mai gadi, fuskarsa a rufe.

"Kai, karen masu kuɗi, ina kuka sa min ɗa? Ko uban wa ya tsaya muku, sai na tafi da shi."

Ya wuce gaba cikin wani lungu, ta bi shi tana zagi. Duk takun da ya yi, yashi na zuba daga hannun rigarsa. Warin ɗanyen siminti ya cika lungun, alhali an daɗe da gama aiki.

Ya tsaya, ya kama hannunta ya manna a katangar. Shafen ya lotsa.

"Inna," ya ce, murya cike da ƙasa, "da raina suka shafe. Na yi ta kiranki. Kina ina?"

Ta fizge hannunta, amma katangar ba ta saki ba.