Ƙofar da Jumare Ya Aike Ni In Buɗe

Rana ta kusa faɗuwa Jumare ya kira ni. Tare muka tashi da shi a Kontagora, tare muka buɗe cibiyar da ɗalibai ke rubuta jarrabawa a kwamfuta. Shi ke da baki da jama'a, ni ke da gyara.

"Muntasir, taimaka ka leƙa cibiya," in ji shi. "Ka sabunta direban netwok na babbar kwamfuta, wato manhajar da ke haɗa ta da sauran, ka kunna tsarin nan na kwamfuta cikin kwamfuta. Ni na wuce Salka."

Tsarin da yake nufi shi ke ba na'ura ɗaya damar ɗaukar wasu ƙanana a cikinta, kowace da ɗakinta. Da daɗewa Jumare ya kashe shi, ya hana kowa taɓawa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Jumare ne fa.

Na tayar da janareto, na shiga. Kujeru a jere, ba kowa. Na sabunta direban, na kunna tsarin. Sai na ga wata ƙaramar kwamfuta a ciki wadda ba ni na kafa ba, an yanke ta daga netwok gaba ɗaya. Na haɗa ta.

Allon ya yi shuɗi, na'urar ta mutu.

Na ja tsaki. Na san wannan ciwon: sabon direba ba ya jituwa da tsarin, da zarar sun haɗu sai komai ya rushe. Na sake kunnawa. Kafin ta kuma mutuwa, wani wari ya bugi hancina, irin na gashin da ya ƙone.

An fara kiran sallar magariba. Na kira Jumare na ce abin ya ƙi.

"Daure ka sake gwadawa," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kar ka fita sai ta tsaya."

Na sake kunnawa. Wannan karon ba ta mutu da wuri ba. Fankar na'urar ta yi shiru, amma fitilunta na ci. Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, kamar an zauna.

Daga lasifika aka yi numfashi.

"Kai ne Muntasir?"



"Jumare ya yi gini a gidana," in ji muryar, a hankali. "Na nemi kansa, ya sa aka kulle ni a nan. Yanzu kullen ya tsufa. Ya ce duk wanda ya buɗe min ƙofa da hannunsa, shi ne madadinsa."

Wani sanyi ya sauka a wuyana. Yatsu ne, dogaye.

Suka fara matsewa.

Allon ya yi shuɗi.

Yatsun suka saki. Matsalar da nake ta zagi ce ta rufe ƙofar. Na'urar ta fara tashi da kanta. Na fizge wayar netwok, na fizge ta wuta, na yi waje ina karanta Ayatul Kursiyyu a rarrabe. Ban tsaya ɗaukar babur ɗina ba.

Ina shiga gida na tarar da Inna a tsakar gida tana kuka, maƙwabta sun kewaye ta. Da ta gan ni sai ta ƙwalla ƙara ta rungume ni. A kan tabarma ga wani farin yadi a naɗe.

"Inna, wannan fa?"

"Jumare ne ya aiko da shi tun la'asar," ta ce. "Ya ce wutar lantarki ta ja ka a wurin aiki, mu shirya."

Tun la'asar. Lokacin ko kirana bai yi ba.

Shatin yatsun na nan a wuyana har yau, kuma ban sake taka cibiyar ba. Amma ba shi ke hana ni barci ba. Yadin nan na auna shi a jikina. Daidai tsawona Jumare ya sa aka yanka.