Shagon Lotanna Ran Kirsimeti

Benci ne ya haɗa su. Wani dogon benci na katako da Lotanna yake ajiyewa a ƙofar shagonsa, a layinmu na 'yan kayan abinci a Aba, wanda babu wanda bai taɓa buga ƙafa da shi ya yi tsaki ba. Ranar da Uloaku ta buga tata, ta taho ne da kwanon abincin babanta, ana yayyafi, tana sauri.

"Wayyo ƙwaurina," ta ce, ta tsaya tana murza ƙafa. "Bawan Allah, daga wace coci ka sato wannan bencin?"

Lotanna yana auna wa wata shinkafa. Ya ɗago ya gan ta, mudu ya cika yana zuba bai sani ba.

"Ba sata ba ce. Fadan cocinmu ne ya ba ni, ya ce in ajiye a hanya ko Allah zai sa wata ta yi tuntuɓe ta tsaya."

"To ta tsaya. Sai ka biya kuɗin magani."

"Zauna in biya. Bencin da ya yi laifin shi zai ɗauke ki."

Ba ta zauna ba, amma ta yi dariya. Ni ina shagon da ke kallon nasa, ina tsince busasshen kifi, na ce a raina shi ke nan, an gama. Na tsufa a layin nan, na san irin wannan dariyar.

Uloaku tela ce, 'yar autar Mazi Okwudili, shugaban ƙungiyar layinmu. Mazi kuwa haka muke kiran dattijo a wurinmu. Da can sai ranar da ta ga dama take kawo wa tsohon abinci. Daga ranar nan kuwa ta zama 'ya mai biyayya, kullum tana hanya, har da ranar da babanta yake azumi. Da yamma kuma waya ta karɓi aikin, yana rubuta mata Nkem, wato "tawa" a yarenmu, ita tana mayar masa da Obim, wato "zuciyata".

"Nkem, yau bencin ya tambaye ni ina kike. Na ce kina can kina yanka yadin mutane. Ya ce in gaya miki ya tuba."

"Ka ce masa na yafe. Mai shi ne ban yafe wa ba, don yau saboda shi na ɗinka hannun riga a baibai."

"Ki kawo rigar, zan saka ta haka. In an tambaye ni in ce sabon yayi ne daga wurin matar da zan aura."

"Kai dai Obim, bakinka ya fi shagonka kaya."

Soyayya ta tafi lafiya har watan Disamba ya kama, sai aka zo inda gizo yake saƙa.

A layinmu doka ce: daga jajiberin Kirsimeti kowa ya rufe shago ya tafi ƙauye, sai bayan sabuwar shekara. Wanda ya buɗe, tararsa akuya. Duk shekara sai an yi musu a taro. Matasa su ce lokacin da kuɗi ke yawo ne ake hana su ciniki. Mazi Okwudili ya buga sanda ya ce in an bar mutum ɗaya ya buɗe, gobe kowa zai ji tsoron rufewa, jibi kuma tsofaffinmu a ƙauye su ci Kirsimeti da kaji. Ban ga laifin maganarsa ba har yau. Amma Lotanna, da ba ya cewa uffan a taron, duk ranar Kirsimeti sai ya buɗe. In an dawo ya jawo akuyarsa ya kawo, ba gardama.

Shi ba shi da ƙauyen zuwa. A Jos aka haife shi. Yana ƙarami babansa ya rasu, aka kai gawa gida, aka yi rigima a kan fili tun ba a share makoki ba. Mamarsa ta ja hannunsa ta rantse ba za ta sake taka garin ba, ta kuwa cika.

Da Uloaku ta kai wa babanta maganar, ya ajiye cokali.

"Baba, ai ka san shi."

"Na san shi, shi ya sa. Yaron kirki ne, mudunsa ba ya ƙarya. Amma mutumin da ba zai iya rufe shago kwana ɗaya saboda haihuwar Yesu ba, saboda ke zai rufe? Kuma ki gaya min, wa zai zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa? Buhun shinkafa?"

Nan ɗin ne ciwon. A wurinmu saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Dattawan gidan ubansa ne suke zuwa da goro da bammi su ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a hutun Kirsimeti aka fi yi, lokacin da dangi suke gida. Wanda ba shi da masu ƙwanƙwasa masa, ko mala'ika ne, a waje zai tsaya.

Ana cikin haka sai ga Dubem, ɗan garinsu Uloaku, ya dawo daga ƙasar waje da mota mai tsayi da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Sai dai in ya fara labarin dusar ƙanƙara, abincinka zai huce. Baffanni kuwa yana da su kamar ya buɗe shagonsu.

Ana gobe za su tafi ƙauye, Uloaku ta zo shagon. A karon farko ta zauna a kan bencin.

"Obim, bana kawai. Ka rufe, Baba ya ga ka rufe. Sauran maganar zan san yadda zan yi da shi."

"Nkem, ki roƙe ni wani abin. Ranar akwai masu zuwa."

"Masu zuwa sayen me? Magi da tumatirin gwangwani? Nawa kake samu da har ya fi ni?"

"Ba maganar samu ba ce."

"To maganar mece ce?"

Ya ɗauki mudu yana gogewa. Ni daga shagona na ji kamar in tashi in faɗa mata, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma sirrin ba nawa ni kaɗai ba ne. Ta miƙe idonta cike da hawaye, ta wuce ko sallama ba ta yi min ba.

Safiyar Kirsimeti saƙonta ya shigo masa.

"Barka da Kirsimeti. Mutanen Dubem sun aiko za su zo. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Allah ya ba da kasuwa."

Na ga fuskarsa lokacin da ya karanta. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ya rubuta mata amsa.

"Barka da Kirsimeti, Nkem. Ba na son kowa sai ke, kuma ban taɓa yi miki ƙarya ba. Akwai abin da ba ni da ikon faɗa. In kin ga dama ki jira ni, in ba ki iya ba ba zan zarge ki ba."

Abin da ba mu sani ba, Mazi Okwudili bai bi iyalinsa ba. Ya tura su gaba, ya ce bana da hannunsa zai kawo ƙarshen taurin kan nan. Yana fitowa daga coci ya nufo kasuwa da ƙaton kwaɗo a hannu. Layin tsit, ƙofofi duk a rufe, sai shago ɗaya. Ya taho yana buga sanda, ya sha kwana, ya tsaya.

Bencin a cike yake. Ga ni a gefe ina juya shinkafa a tukunya, don tun shekarar da mijina ya rasu danginsa suka nuna ba su san da ni ba, nan nake cin Kirsimetina. Ga wata nas da ba a ba ta hutu ba. Ga samari biyu da kayansu suka ƙone a hanya. A ƙarshen bencin kuma, da faranti a cinya, ga Mazi Ibekwe, abokin Mazi Okwudili tun suna yaran shago.

Kwana biyu kafin nan Mazi Ibekwe ya bi layi da jakarsa yana sallama da kowa, wai ya tafi gida.

"Ibekwe," in ji Mazi Okwudili a hankali. "Ba da kaina na raka ka tasha ba?"

Tsohon ya yi ƙoƙarin murmushi. "Magi na zo saya."

"Magi."

"Kowa a nan magi ya zo saya, Okwudili." Ya ajiye farantin. "Ka san yadda kasuwata ta koma. In je gida da me? 'Ya'yan ƙannena su jeru suna kallon hannuna, in ba su labari? Jakar da ka riƙe min babu komai a ciki sai tsohon zane. Kana juya baya nake sauka in bi ta bayan tasha. Shekara nawa ke nan ina yi. Da ina rufe kaina a ɗaki har a gama. Ran nan yunwa ta fito da ni, na ga yaron nan a buɗe."

Mazi Okwudili ya juya ga Lotanna. "Me ya hana ka kira su gidanka, ka bar mana dokarmu?"

"Baba, in na kira su gida ya zama sadaka, ba wanda zai zo. Shago kuwa kowa yana iya shiga. Mutum ya sayi magi ɗaya, ya zauna ya huta, in abinci ya nuna a ci. Ba wanda ya roƙi wani."

"Kuma ka bari 'yata ta tafi tana kuka ba ka faɗa mata ba."

"In na faɗa mata, na faɗi sunan mutane."

Mazi Okwudili ya dubi kwaɗon da ke hannunsa. Sannan ya jefa kwaɗon a aljihun rigarsa, ya ce wa abokinsa, "Matsa min, tsohon maƙaryaci." Ya zauna, ya sa hannu a farantin Ibekwe. Suka ci suna share ido, kowanne yana cewa barkonona ne ya yi yawa. Ban sa barkono da yawa ba.

Da ya wanke hannu ya kira Lotanna.

"Ɗana, ka yi abin da ni shugaba ban gani ba, na gode. Amma kai ma ɓuya kake yi a bayan mudun nan. Rantsuwar mamarka ba taka ba ce. Gobe ka tafi garin ubanka ka gaishe su. In sun kore ka, ka dawo mu san abin yi. Ba ni makullin."

"Baba, shagon fa?"

"Ni zan zauna."

"Doka fa?"

"Na san inda ake sayar da akuya."

Haka shugaban masu rufe shago ya kwana biyu yana sayar da magi, yana ba da canji ba daidai ba, Ibekwe yana masa tsiya. Da yammar ranar farko ya kira 'yarsa a waya. Ya ba ta labarin abin da ya gani ba tare da ya faɗi sunan kowa ba, ya kuma ce mata ta gaya wa mutanen Dubem kada su wahalar da bamminsu, in dai ita ma haka take so. Ta ce tun safe ta riga ta gaya wa Dubem da bakinta. Sai ga saƙonta a wayar Lotanna yana cikin mota.

"Obim, ka yafe min. Na auna ka da mudun da ba naka ba. Ka je lafiya, ina nan."

"Babu abin yafewa, Nkem. Ki yi min addu'a kawai."

Mamarsa dai da farko ta ce ba za ta je ba, amma da ya fito da safen nan ya same ta a bakin ƙofa ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci. A garin, yawancin waɗanda suka yi rigimar sun riga mu gidan gaskiya. Saura babban wan babansa, tsoho, ido ya tafi. Lotanna ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya ɗaga kai.

"Sake magana."

Ya sake.

"Wannan muryar ƙanena ce," in ji tsohon, ya miƙo hannu yana laluben fuskarsa. "Duk Kirsimeti sai na sa a ajiye kujera. Me ya tsayar da kai haka?"

Kafin sabuwar shekara dattawa suka ƙwanƙwasa ƙofar Mazi Okwudili, makahon tsohon a gaba ana riƙe da hannunsa. Da aka dawo kasuwa kuma ƙungiya ta gyara doka: kowa ya rufe ya tafi gida kamar da, amma shago ɗaya zai kasance a buɗe ranar Kirsimeti, ana karɓa-karɓa, kuma ba a tambayar mai shagon su wa suka zo.

Bayan hutun Ista aka yi bikin auren. Layinmu kaf muka rufe muka tafi, ba wanda ya yi musu. Mazi Okwudili ya zuba bammi a ƙoƙo ya ba 'yarsa, ya ce ta nuna wa duniya mijinta. Ta ratsa taro tana rausaya, samari suna miƙo hannu suna "ga ni nan," tana wuce su. Ta same shi can baya a tsakiyar baffanninsa, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa ya sha.

Suka zo gaban tsohon suka durƙusa tare. Ya ɗora musu hannu a ka.

"Allah ya ba ku 'ya'ya maza da mata. Allah ya sa ku tsufa tare, kuna tsokanar juna. Abin da kuka ba mutane a ɓoye, Allah ya mayar muku a fili." Sannan ya dubi ango. "Lotanna, na taɓa tambaya wa zai ƙwanƙwasa min ƙofa saboda kai. Daga yau kai ba ka ƙwanƙwasawa. Turo kawai ka shigo."

Muka ce amin. Ni na ce tawa har sau biyu, don na san abin da nake gode wa.