Hoton 'Yar Barewa a Rafin Kanya

Ku matso kusa. Mai tsoro ya shiga ɗaki tun yanzu.

Kun san Kawu Sallau mai gyaran rediyo a bakin kasuwa? Da can hoto yake ɗauka. Idan rani ya yi mafarautan garinmu suka fita, yakan bi su da kyamara a wuya, irin mai nuna hoton nan take a bayanta. Wanda ya yi kamu ya taka naman, ya ɗaga bindiga, Sallau ya ɗauka.

Wata shekara suka shiga dajin Rafin Kanya. Da la'asar Jatau, babban maharbinsu, ya harbi wata 'yar barewa. Ko ƙaho ba ta gama fitarwa ba. Aka yi hotuna, aka saɓe ta, aka kamo hanya. Sun yi nisa Sallau ya ga murfin kyamararsa ya faɗi. Ya ce su ci gaba, zai cim musu.

Shi kaɗai ya koma.

Rana ta yi ja. Ya tarar da murfin kusa da inda jinin ya bushe. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya lura tsuntsaye sun yi tsit.

"Sannu, mai hoto."

Wata mata ce zaune a kan saiwar kanya, kanta a sunkuye. Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ya ji ta.

"Sannu, Inna," in ji shi.

"Nuna mini ita."

Bai tambayi wa take nufi ba. Ya miƙa kyamarar. Ga Jatau yana dariya, ga 'yar barewar a ƙarƙashin takalminsa.

"Ba haka take ba," matar ta ce. "A tsaye ka ɗauke ta, kamar mai taya kaya. Rana na gabanka, ta cinye mata fuska. Ko jinin bakinta ba wanda ya share."

"Haka suke so, Inna."

"Ba ka da nata tana raye?"

Akwai guda. Kafin a yi harbin ya ɗauka, a gurguje. Duk ya yi dishi-dishi. Wuya ne kawai ya fito, da kunne ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Ta shafa kunnen da yatsa. Hawayenta ya ɗiga a hannun Sallau, sanyi kamar ruwan randa. Nauyi ya kama shi, ya sunkuyar da kai. Nan idonsa ya sauka a ƙafarta.

Kofato ne. Siriri, tsagagge, da ɗanyar laka a jiki.

Ya so gudu, amma ya tsaya.

"Ni na shayar da ita," ta ce. "Yau ne na fara barinta ta sauko rafi ita kaɗai."

"Ki yafe, Inna. Ba ni na harba ba."

"Na sani. Da kai ne, da ba mu tsaya magana ba."

Ta mayar masa da kyamarar.

"Saurara. In za ka ɗauki mai rai, durƙusa, idonka daidai da nasa. Bar rana ta zo ta gefe. Riƙe numfashi. Kada ka kira shi, jira ya juyo da kansa." Sai ta ƙara da cewa, "Kana da 'ya."

"Lantana," ya faɗa, kafin ya iya kama bakinsa.

"Kana da hotonta?"

Ya ɗauki rabin garin nan, amma tasa 'yar kullum sai gobe.

"Je ka ɗauka. Kada ka kai Juma'a."

"Inna, don Allah, me za ki yi mata?"

"Ni ba na taɓa 'ya'yan kowa. Gani kawai nake yi."

Da ya ɗago, saiwa ce kawai a wurin.

Bai san yadda ya isa gida ba. Washegari da hantsi Lantana na watsa wa kaji tsaba a tsakar gida. Ko makaranta ba ta isa shiga ba. Ya durƙusa. Ya bar rana ta gefe. Bai kira ta ba. Ta juyo da kanta, ta gan shi a ƙasa, ta fashe da dariya. Ya ɗauka.

Ya goya ta zuwa asibiti, aka ce lafiyarta lau. Ya bi malamai aka yi ta addu'a. Ran Laraba zazzaɓi ya rufe ta. Ran Alhamis aka kai ta makwancinta.

Na ga hoton da idona, a ɗakin matarsa, Gwaggo Kande. Har tsabar da ke tafin hannun Lantana za ka ƙirga. Sai ka ga kamar yanzu za ta ce "Baba". Gwaggo Kande ta taɓa gaya wa Innarmu, har yau ba ta san ko ta gode wa matar nan ba, ko ta tsine mata.

Kawu Sallau bai sake rataya kyamara ba. Da rani ya dawo Jatau ya zo kiransa, ya rufe ƙofa.

To, kun ji. Kada ɗayanku ya bi hanyar Rafin Kanya shi kaɗai. Tana nan, ba ta gama kuka ba. Kuma duk wanda ya tsaya, sai ta gaya masa abin da ta gani.