Waken 'Yar Mai Shara

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Malama, wadda ke koyar da aji uku a firamaren unguwa, tana zaune bisa tabarma a tsakar gida, littattafan yara jibge a gefenta, jan biro a hannu, tana sauri ta gama dubawa kafin haske ya ƙare. Maigidanta tela ne, bai taso daga shago ba. Surukarta tana alwala a bakin rariya. Auta kuwa, 'yarsu mai shekara takwas da ke ajin uwar, tana tsugune a gindin bango ta zuba wa wani gwangwanin wake ido, ba ta taɓa shi ba.

Kwana uku ke nan wannan gwangwani yake sarauta a gidan. Tun farkon zango Malama ta sa kowane yaro ya kawo gwangwanin madara, ya huda gindinsa, ya cika da ƙasa, ya shuka ƙwayar wake ɗaya. Aka manna wa kowanne takarda da sunan mai shi, aka jera su a tagar aji. Kullum da safe bayan kiran suna, sai a shayar da su da murfin kwalba, a auna tsawonsu da rula. Ranar iyaye, hedimasta ya zaga da baƙi, ya ɗaga wanda ya fi kowanne tsawo da ganye, ya karanto sunan Auta. Aka tafa, aka ba ta akwatin fensirin kala, ta taho da gwangwanin gida. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo gidan sai tela ya kai shi ya gaida waken.

Ana gama kiran magariba tsakuwa ta farko ta faɗo kan rufin kwano. Ta biyu ta biyo, sannan aka yi shiru, irin shirun da ko kaji ba sa motsi a cikinsa. Can sai ƙasa ta fara zubowa kan littattafan da ke gaban Malama, baƙa, jiƙaƙƙiya, alhali sama tas take. Daga cikin ɗakin da babu kowa aka buga wani abu sau uku a kan katako. Tsohuwa ta saki buta tana salati. Malama kuwa ta san bugun. Haka take buga rula a tebur idan tana so aji ya yi tsit.

Ta kuma san dalili. Waken nan ba na Auta ba ne. Na Auta ya ruɓe tun sati na biyu saboda yawan ruwa. Dogon na 'yar mai sharar makaranta ne, wata siririyar yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ke riga kowa zuwa saboda tare suke fitowa da uwarta. Ana gobe ranar iyaye, bayan an tashi, Malama ta tsaya ita kaɗai a aji, ta tuna matan da za su ce 'yar malama guda ta kasa tsirar da wake. Ta ɓanɓare takardu biyu, ta musanya. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. A ajin akwai wata 'yar kujera ta katako da Malama ta raɗa wa suna kujerar gaskiya. Duk yaron da ya yi ƙarya, hawa yake ya tsaya, ya faɗi laifinsa da bakinsa a gaban kowa. Shekara goma sha ɗaya tana alfahari da ita, har a taron malamai tana cewa ita ba ta buƙatar bulala. To, da safen ranar iyaye 'yar mai shara ta ɗaga hannu, murya na rawa, ta ce dogon nata ne. Malama ta nuna mata sunan da ke jikin takarda, ta sa ta hau kujerar, ba ta bar ta ta sauko ba sai da ta ce, “Na yi ƙarya.”

Washegari da magariba jifan ya dawo, haka ma jibi. A rana ta huɗu abin ya wuce rufi ya kai kan Auta. Tana zaune kusa da kakarta sai ta miƙe ƙyam, ta goya hannu a baya, idanunta a kafe. Ta fara kiran sunayen 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, da wata busasshiyar murya ta tsofaffi. Kowane suna ta kira, sai a amsa daga saman katanga a hankali. Da ta iso kan sunan 'yar mai shara ba a amsa ba. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ta yanke jiki ta faɗi.

“Baki ne,” in ji tsohuwa tana shafa mata ruwa. “Tunda yarinyar nan ta ci kyauta na san ba za a bar ta ba. Ko ba haka ba, 'yar nan?”

“Haka ne, Inna,” in ji Malama, kanta a ƙasa.

Kunyar wannan amsa ta fi tsoron aljanin ci mata rai. Da safe ta je aji ta koyar da jimla, ta kauce wa kallon bencin baya. Da yamma ta dawo ta tarar Auta ta ƙi abinci, wuyanta ya fito, akwatin fensirin yana nan ko buɗe shi ba a yi ba. Malama ta san maganin yana bakinta, amma duk sanda ta buɗe baki sai ta hango fuskar hedimasta da ta matan unguwa, ta haɗiye.

A rana ta bakwai tela ya rufe shago da wuri, ya zo da wani dattijo mai ruƙiyya, gajere, mai sanyin magana. Dattijon bai tambayi komai ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka zaunar da Auta a jikin kakarta, ya jira rana ta faɗi. Da tsakuwar farko ta taɓa kwano ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi. Duhu ya rufe tsakar gida, yarinyar ta fara karkarwa, sannan ta miƙe zaune ta goya hannu a baya.

“Wane ne kai?” in ji dattijon.

“Ɗan aji uku ne,” in ji muryar.

“Ban zo wasa ba.”

“Ni ma haka, Malam. Bayan kabad nake zaune tun kafin a sa wa ajin ƙofa. A wurin matar nan na koyi karatu. Ban taɓa fashi ba, ban taɓa taɓa ɗan kowa ba.”

“To me ya kawo ka jikin yarinya?”

“Tambayi uwarta waken wane ne a gindin bango.”

Duk suka juyo. Tela ya yi 'yar dariya ta rashin fahimta, ya ce, “Na Auta mana. Maman Auta, gaya masa.” Malama ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Muryar ba ta jira ta ba, ta kwashe komai ta faɗa: takardun, hannun da aka ɗaga, har kalmomi ukun da aka sa yarinyar ta furta. Ta faɗe su da irin rawar muryar 'yar mai shara, ba ragi.

Tsohuwa ta ce, “Innalillahi.” Tela ya cire hularsa ya riƙe yana kallon cikinta.

“Allah gafarta Malam,” in ji Malama da ƙyar, “gobe zan mayar mata da shi. Da fensirin, da sabon littafi, da duk abin da aljanin nan ya ce. Ba sai kowa ya ji ba.”

“A gaban mutum arba'in aka sa ta ce ta yi ƙarya,” in ji muryar. “Ba na son turare, ba na son yanka. Dokar ajinmu nake so. A tara makaranta duka da iyaye, ta hau kujera.”

Dattijon ya ɗaga hannu. “Kai ma tsaya. Ka ga zalunci, sai ka zo ka gyara shi da wani? Wannan da kake wahalarwa me ta yi maka?”

Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa. “A buɗe na same ta. Kullum tana kuka a gindin bangon nan. Ta san nata ya ruɓe.”

Wannan ne ya karya Malama. Ashe duk kwanakin nan yarinyar tana ɗauke da kayan uwarta, ba ta da inda za ta sauke. Ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

“Ga yadda za a yi,” in ji dattijon. “A gaban waɗanda aka yi abin za a warware shi, ajin da uwar yarinyar. Ba za a tara gari ba. Kai kuma yanzu za ka fita, ba gobe ba, kuma ba za ka sake kusantar ɗan kowa ba. Malama, kin ɗauka?”

“Na ɗauka.”

“Na ji,” in ji muryar. “Ina bayan kabad. Zan gani.”

Dattijon ya ci gaba da karatu, ya riƙe ɗan yatsan ƙafar Auta. Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Wata iska ta bi ta kan katanga ta kaɗa ganyen waken, shi ke nan. Auta ta buɗe ido ta ce, “Umma, yunwa nake ji.”

Da safe Malama ta ɗauki gwangwanin da hannu biyu, Auta na biye da akwatin fensiri. Hanyar da take bi kullum ta yi mata tsawo. Ta sami mai shara a baranda ta roƙe ta ta zo bakin ƙofa, matar ta zo da tsintsiyarta a hannu, a tsorace, tana zaton 'yarta ce ta sake laifi. Aka yi kiran suna. A taga, sauran gwangwanaye suna jere, har da ruɓaɓɓen da ke ɗauke da sunan 'yar mai shara. Ƙasar cikinsa a jiƙe take, yarinyar ba ta daina ba shi ruwa ba.

Malama ba ta buga rula ba. Ta jawo kujerar gaskiya tsakiyar aji, ta tuɓe takalmi, ta tattare zane ta ɗora ƙafa. Yara suka yi tsit, wani ya ƙyalƙyale da dariya aka zungure shi. Tana ɗora ƙafa ta biyu kujerar ta karkata, ta yi tangal-tangal, ta kai hannu ta rasa abin kamawa.

Sai ga 'yar mai shara ta taso daga bencin baya da gudu. Ta durƙusa ta riƙe kujerar da hannu biyu, ta ɗago kai.

“Malama, ki taka ta nan gefen,” ta ce a hankali. “Ƙafa ɗaya gajeriya ce. In kin tsaya a tsakiya girgiɗi take yi.”

Shekara goma sha ɗaya Malama tana ɗora 'ya'yan mutane a kan kujerar nan, ba ta taɓa sanin haka ba. Ta gyara tsayuwa yadda aka koya mata. Hawaye na bin fuskarta, ta dubi ajin, ta dubi matar da ke bakin ƙofa, yarinyar kuma tana riƙe da kujerar kada ta faɗi.

“Yara,” ta ce, “na yi ƙarya.”