Tsakuwar Kufan Tsagal

Ku matso kusa, in ji Yaya Sahura, bayan an ɗauke wuta. Wannan ba tatsuniya ba ce. Kun san Nafi'u na gidan Alhaji Sambo, wanda ko sallama ba ya amsawa? Da ba haka yake ba.

Shi da abokinsa Bulus suka haɗa wani wasan kwamfuta. Tun firamare suke tare. Ran Sallah 'ya'yan Bulus a gidan Nafi'u suke wuni, ran Kirsimeti matar Bulus ta aiko da shinkafa da kaza. Wasan na gina daula ne. Ka fara da ƙauye ɗaya, ka yi noma, ka tara mayaƙa, ka ci garuruwan maƙwabta. Jama'a sun karɓe shi, sai dai ƙorafi guda. Da ka cinye ƙasar, shi ke nan, sai zaman banza. Waɗanda ka ci da yaƙi sai su koma tamkar tumaki. Ƙarshen wasan lami ne, in ji masu bugawa.

Abin ya hana Nafi'u sukuni. Rannan ya hau babur shi kaɗai, ya nufi Kufan Tsagal, wani tsohon gari a kan dutse da ba wanda ya rage a cikinsa. Hoton rusassun katangu ya je ɗauka, ko zai samo dabara. Ya isa rana na tsaka. Ba tsuntsu, ba iska. Ko kukan ƙuda babu.

Gindin wata katanga ya tarar da tsoho yana buga dara shi kaɗai, da tsakuwa, a gurabun da ya tona a ƙasa. Nafi'u ya durƙusa ya gaishe shi. Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. Sai daga baya amsar ta iso. Kuma ta bayan wuyan Nafi'u ta fito.

Ya waiwaya, bai ga kowa ba. Tsoho ya tambaye shi abin da yake nema a gidan mutane. Nafi'u ya faɗa masa komai, har da ƙorafin masu wasa. A nan idonsa ya sauka ƙasa. Ƙafafun tsohon a nutse suke cikin ƙasa har idon sawu, ciyawa ta tsiro ta kewaye su.

"Ku in kun ci gari sai ku ce an gama," in ji muryar. "Mu da aka ci, a nan muka fara. Ungo, ɗana. Ka kai wa wasanka."

Ya miƙo masa baƙar tsakuwa ɗaya. Sanyi gare ta kamar daga randa aka tsamo ta. Nafi'u bai san yadda ya sauko daga dutsen ba.

A gida ya ajiye ta gefen kwamfuta. Washegari ya kunna wasan, ya ga abin da bai rubuta ba. Garuruwan da aka ci sun daina zama shiru. Sun ƙi shan ruwa rijiya ɗaya da masu mulki. Sun ƙi ba su aure. Uwa na koya wa ɗanta waƙa a ɓoye, ɗan ya girma ya ƙona rumbu. Masu wasa suka yi ta yabo, wai yanzu ƙarshen ya fi farkon daɗi. Nafi'u bai gaya wa kowa labarin dutse ba.

Ba a daɗe ba Bulus ya kira shi, ya nuna masa wani ƙauye a taswirar wasan. Sunan ƙauyen kakannin Bulus ne, wanda mahara suka kwashe tun zamanin da. Ya danna kan jagoran maharan. Sunan kakan kakan Nafi'u ya fito, har da laƙabin da 'yan gida kaɗai suka sani.

Nafi'u ya rantse ba shi ya sa ba. Ya ba da labarin tsoho, ya nuna tsakuwa. Bulus bai ɗaga murya ba.

"Ko aljani ne ya rubuta, Nafi'u, ƙarya ya yi?"

Bulus ya ɗauki jakarsa ya fita.

Daga nan Nafi'u ya duƙufa kan sanya sulhu a wasan. Ya ƙara hanyar yafiya, ta biyan diyya, ta haɗa kasuwa. Duk abin da ya sa yau, gobe babu shi. Ya goge wasan kaf, wasan ya dawo da kansa. Masu bugawa ma suka fara rigima tsakaninsu, kowa ya tsinci sunan garinsu, wani cikin waɗanda suka ci, wani cikin waɗanda aka ci.

Ya koma Tsagal don ya mayar da tsakuwar. Tsoho ba ya nan. Amma gurabun dara sun cika kufan, daga katanga zuwa katanga, ko wurin taka ƙafa babu, kuma yawancinsu wayam. Ashe ba shi kaɗai aka ba ba. Ya jefa tasa ya juya. Muryar ta ce masa a hankali, abin da aka sauka da shi ba ya hawowa. Ya iso gida ya same ta a aljihunsa.

Bulus ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Nafi'u na nan ɗakinsa, kullum yana rubuta sulhu.

Don haka kada ɗayanku ya kuskura ya hau Tsagal shi kaɗai. In kuma wani ya miƙo muku abu a kufai, ku rungume hannuwanku.