Kofin da Ke Baranda

Ranar da Bhairavi ta fara ganin Arul, a gajiye take liƙis. Tun safe take fama da yara goma sha biyu da iyayensu suka turo hutu garin Thanjavur na Indiya daga Toronto da Landan, wai su koyi rawar kakanninsu. Hankalinsu na kan waya, ƙafafunsu kamar an ɗaura musu dutse.

Sai ga shi a baranda ɗauke da gangar mahaifinta, wadda ya sake wa fata.

"Malama, ke ma kin fi su buƙatar hutu," ya ce yana murmushi.

"Wa ya tambaye ka?"

Amma ta yi dariya, karon farko a makon nan.

Shekara talatin gidan su Arul ke haɗa wa Appa, mahaifinta, ganguna, kuma ba ɗayansu da ya taɓa wuce baranda. Masu aikin fatar shanu ne, waɗanda al'adar garin ke ɗauka marasa tsarki. Har kofinsu daban yake, a kan taga.

Wata biyu saƙonni na kai da komo tsakaninta da Arul, yana kiranta Kannamma, wato abar ƙauna.

"Kannamma, yau ma na ji ƙarar ƙafarki daga waje. Ta ishe ni."

"Ni ba ta ishe ni ba, Arul. Na gaji da ganinka ta taga."

Da ta faɗa wa Appa tana son Arul, ko ɗaga murya bai yi ba.

"Yaron kirki ne. Amma kin san hannunsa me yake taɓawa. Ɗan ƙanwata injiniya yana jiran amsa."

Ta ci gaba da koyarwa kamar inji. Daga nan saƙon Arul ya ɗauke, ta ɗauka ya haƙura da ita. Sai bayan kwana goma ya rubuto: "Ban gudu ba. Ba na so in raba ki da mahaifinki ne."

Wata safiya Appa na nuna wa ɗalibai yadda ake girmama ganga, yana shafa ta, yana ajiye ta kusa da wurin ibadarsa. Tara, 'yar shekara goma sha biyar, ta ɗaga hannu.

"Kaka, ba wancan yayan na baranda ne ya haɗa ta ba?"

"Shi ne."

"To ita ta shigo har nan, shi kuma yana waje? Mama ta ce in rubuta duk abin da na koya. Wannan ma in rubuta?"

Appa ya dubi tafin hannunsa, wanda ya yi kanta saboda bugun fatar nan. Ya tashi ya shige ɗaki.

Kwana tara bai taɓa ganga ba. Da tafi Bhairavi take ba yara kiɗa, har hannuwanta suka kumbura.

A rana ta goma ya aika a kira Arul. Arul ya zo ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

"Shigo, ɗana. Gwiwoyina ba sa son fitowa."

Appa ya zuba kofi a kofinsa na kansa ya miƙa masa. Arul ya karɓa ya sha.

An yi bikin kafin yaran su koma. Dangi da yawa ba su zo ba, kujerunsu suka zauna wayam. Yaran ne suka yi rawa, suna kuskure, Appa na bin su da kiɗa.

Appa ya watsa wa ango da amarya shinkafa a ka. "Ku tsufa tare."

Bhairavi ta jingina da kafaɗar mijinta.

"Na gaji, Arul."

"Huta, Kannamma. Mun shigo."