Ɓarawon Da Ya Cire Takalmi

Insifekta Mas'uda Yalwa tana cikin kokawa da tsinkayen cin abinci, taliya na ta sulɓe mata, sai wayarta ta yi ƙara. Insifekta Luo ne, jami'in da ke kula da kwas ɗin da ya kawo ta Guangzhou daga Kano, kwas na yaƙi da masu fasa-ƙwaurin namun daji.

"An yi sata a zauren bajekoli na Pazhou," in ji shi da Turancinsa mai sauri. "Mutanen da aka yi wa satar, yarenki suke yi. Ki zo yanzu."

Ta ture kwanon da murnarta. Tun da ta zo ba abin da take yi sai zaman aji da kallon majigi, har ƙafafunta sun fara ƙaiƙayi.

Ranar Juma'a ce, ana tsakiyar bajekolin yawon buɗe ido. Ƙasashen da suka yi suna a harkar sun cika tsakiyar zauren da manyan rumfuna da hotunan zakuna. Sai da Mas'uda ta kai can lungu sannan ta ga rumfar da ake nema, 'yar ƙarama, an rubuta mata Zangon Gawo. A gabanta akwai dogon akwatin gilashi a buɗe, ba komai ciki sai wani tsohon kwari na fata.

Wata mata ta taso da jajayen idanu. Ita ce Aicha, manajar zangon.

"Madam, Allah ya kawo ki. Sun kashe mu!"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Mene ne Zangon Gawo, kuma me aka ɗauka?"

Aicha ta yi bayani tana haɗiye kuka. Masauki ne na masu hannu da shuni a wani ƙauye can arewacin Maradi, inda raƙuman dawa ke kiwo. Tantuna ne kaɗan masu gadaje na alfarma da wutar sola, baƙo na shan shayi raƙumin dawa na leƙo shi ta saman gawo. Mutanen ƙauyen ne da abinsu. Tsofaffin mafarauta su ne 'yan rakiya, mata ke girki da saƙa, kuma da abin da ake samu aka haƙa rijiya aka gina asibiti.

"Abin da aka ɗauka kuwa bakan Sarkin Baka ne," in ji ta. "A kansa mafarauta suka yi rantsuwa. Suka kwance masa tsirkiya, suka ce muddin yana rataye ba tsirkiya, ba mai taɓa raƙumin dawa. Da ƙyar suka yarda muka zo da shi. Suka ce in bai koma yadda ya fito ba, rantsuwa ta warware."

"Kina ina aka ɗauke shi?"

"Nan nake, wallahi ban gusa ba."

Mas'uda ta kalle ta. Ta duƙa kan akwatin. A daidai inda bakan yake kwance, an ajiye farin goro guda ɗaya, fes da shi.

Luo ya sa safar hannu ya ɗaga shi yana juyawa.

"Wannan na ci ne?"

"Na ci ne," in ji Mas'uda. "Sai dai ban taɓa ganin ɓarawon da ke barin tukwici ba."

A ɗakin kyamarori aka juyo musu hoton tsakar rana. Farkon abin da suka gani shi ne Aicha, wadda ba ta gusa ba, ta lallaɓa rumfar maƙwabta ta baje a kujerar tausa ta kyauta, idanu a lumshe. Mas'uda ta yi tsaki.

Sai ga wani dogon mutum cikin rigar masu shara, da hula da takunkumi, yana ɗauke da dogon kwali. Ya zo gaban akwatin ya tsaya. Ya cire takalmansa. Ya ajiye goron, ya ɗauki bakan da hannun hagu, ya sa a kwali, sannan ya riƙa ja da baya da baya, bai juya wa akwatin ƙeya ba sai da ya yi nisa. Daga nan ya zura takalmi ya ɓace cikin masu dakon kaya.

"A sake!" in ji Mas'uda, tana kaɗa ƙafa don zumuɗi. "Ɓarawo na sauri, shi kuwa wannan ladabi yake yi!"

Suka koma rumfa suka tarar maza biyu sun dawo. Ɗaya dogon tsoho ne mai furfura, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Shi ne Maidaji, Sarkin Bakan ƙauyen. Ɗayan matashi ne cikin kwat, shi ma dogo, Shitu, tafintan da suka ɗauka a nan Guangzhou.

Mas'uda ta durƙusa ta gaida tsohon.

"Baba, wa ke cire takalmi ya ajiye goro kafin ya ɗauki baka?"

Maidaji ya ɗago a razane.

"Wa ya gaya miki wannan, ɗiyata? Ai al'adar gidanmu ce. Ba a zuwa wurinsa da takalmi, ba a ɗaukarsa da dama, ba a juya masa baya, ba a tsallaka shi ko kwarinsa. Kuma ba a raba shi da mazauninsa sai an bar farin goro."

"Wa ya san haka?"

"'Ya'yan gidan Sarkin Baka kaɗai. Ko Aicha ba ta sani ba."

"A garin nan fa?"

Tsohon ya ce, "Sai ni."

Shitu ya fassara wa Luo tun ba a tambaye shi ba. Luo ya gyara tsayuwa, ya tambayi inda tsohon yake da tsakar rana.

"Mun fita masallaci tare," in ji Shitu cikin tausayi. "A tashar jirgin ƙasa na waiwaya ban gan shi ba. Ni dai na wuce na yi sallata. Ba na so in ce komai, Hajiya, amma tun da muka zo yake cewa bai so aka sa bakan a gilashi ba."

"Ɓata na yi!" in ji Maidaji. "Ƙofar jirgi ta rufe, na ga yaron nan a waje. Na yi ta yawo ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya!"

Luo ya ja Mas'uda gefe. Dogon mutum, ya san al'adar, ba mai shaidar inda yake. A ganinsa magana ta ƙare, zai tafi da tsohon ofis.

Mas'uda ta dubi tsohon. In labari ya isa ƙauye cewa Sarkin Baka da kansa yana hannu kan satar bakan rantsuwa, kafin ya fito an fara feɗe raƙuman dawa. Ga wayar Aicha sai ruri take, daga gida ake kira, ta kasa ɗauka.

"Baba, kana da goro?" in ji Mas'uda.

Ya ciro ƙullin leda daga aljihu. Goron da ya taho da shi daga gida ne, duk ya yamutse ya bushe da wahalar hanya. Ta ajiye shi kusa da na cikin akwati, sai ka ce kaka da jika.

"Wannan ɗanye ne, a garin nan aka saye shi," ta ce da Luo. "Ka ba ni zuwa la'asar."

"In la'asar ta wuce fa?"

"Ni zan riƙe maka ƙofar mota."

A unguwar Dengfeng, tsakanin shagunan waya da masu canji, mutum ɗaya ce ke kawo goro, Hajiya Radiyya mai gidan abinci. Tana ganin ɗan sandan China ta fara kaɗa hannu, tana ce masa babu da guntun Sinancinta.

"Meyo, lawban! Meyo! Ba komai a nan sai tuwo."

"Hajiya, ba kama goro muka zo yi ba," in ji Mas'uda tana dariya. "Wa ya sayi fari kwanan nan?"

Jin Hausar Kano, Hajiya ta saki jiki har da jawo kujera.

"Fari ai tsada gare shi, 'yar nan, masu ɗaurin aure ke saye da yawa. Mutum ɗaya ne ya sayi ƙwaya ɗaya jiya, har na yi masa tsiya. Shitu tafinta. Yaron da kullum yake zagin masu cin goro wai suna ɓata haƙora!"

Mas'uda ta miƙe har tana ture kujerar. A mota ta kira Shitu. Ko gezau bai yi ba.

"Ƙwarai na saya, Hajiya. Baba ne ya aike ni, na kuma ba shi a hannunsa. Ni ɗan Fagge ne, me na sani game da baka? Ko a hoto ban taɓa ganin irinsa ba sai a wurinsu."

Luo ya ɗaga kafaɗa. Maganar wannan ce da ta wancan, kuma la'asar ta kusa.

Mas'uda ta bi gadojin da ke wucewa da kallo. Can sai ta buga cinya.

"Baki ya iya ƙarya. Bari mu tambayi jiki."

Aka tara su a wani ƙaramin ofis a bayan zauren, Maidaji da Aicha a kan benci, Shitu a tsaye kusa da Luo. Mas'uda ta shigo a ƙarshe riƙe da kwarin nan da ɓarawo ya bari, tana lilo da shi kamar jakar cefane. Maidaji ya runtse ido.

"Shari'a ta ƙare," in ji ta da ƙarfi. "Za a tafi da Baba. Wannan tarkacen kuma a kai ɗakin ajiya."

Ta yar da kwarin a ƙasa. Ta juya kamar za ta ɗauko wani abu a tebur, ta ɗaga ƙafa da takalminta za ta tsallaka shi.

"Kada ki tsallaka!"

Murya biyu ce ta fita lokaci guda. Ɗaya ta Maidaji. Ɗayar ta Shitu, wanda ya riga ya yi tsalle ya zube a gaban kwarin, ya fizge shi da hannun hagu. Takalmansa masu sheƙi suna can baya inda ya fitar da ƙafafunsa, shi kansa bai san ya yi ba.

Mas'uda ta sauke ƙafarta a hankali, daɗi kamar ya kashe ta.

"Ɗan Fagge," in ji ta, "a wace unguwar ake koya wannan?"

Shitu ya sunkuyar da kai. Maidaji ya taso, ya kama haɓarsa ya juya fuskar wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Kai ɗan wa ne?"

"Ɗan Issa."

Tsohon ya koma kan benci daɓas. Issa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ne ya ƙi yin rantsuwar, ya kwashi iyalinsa ya bar ƙauyen ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Yana ina?"

"Ya rasu, Baba. A Kano, yana gadin gidan wani. Mutumin da ke bin sawu a kan dutse ya ƙare yana buɗe wa motoci ƙofa." Hawaye suka zubo masa. "Kullum sai ya ba ni labarin bakan kakanmu, ya koya min yadda ake zuwa wurinsa. Sai ga shi na gan shi a gilashi, masu kuɗi na ɗaukar hoto suna dariya. Ni na sake ka a tasha da gangan. Akwai wani dillalin fatu da ya ce in na ɗaura wa bakan tsirkiya na aika hoton gida, rantsuwa ta faɗi, shi kuma zai sayi duk abin da aka harbo."

"Ka ɗaura?" in ji Aicha.

"Na sayi igiya. Na lanƙwasa shi, hannuna ya ƙi. Na sake, ya ƙi."

Luo ya karɓi sunan dillalin da adireshin ɗakin Shitu, ya tura yaransa. Ba a daɗe ba suka dawo da dogon kwalin, suna ba da labarin yadda suka same shi a kan gado an lulluɓe shi da sabon bargo, matashin kai kuwa yana ƙasa a kan tabarma.

Maidaji ya cire takalmi, ya buɗe kwalin da hagu. Baka ne baƙi mai santsi, ba tsirkiya. Aicha ta saki guɗa a cikin ofishin 'yan sanda, ta ɗauki wayar da ke ta ruri tana ihu, "Yana nan! Yana nan yadda ya fito!" Luo ya toshe kunne ɗaya, amma bakinsa har kunne.

Mas'uda ta ba tsohon haƙuri kan yar da kwarin da ta yi.

"Za ki sayi goro, ɗiyata," in ji shi. "Fari."

Aka sa wa Shitu ankwa. Maidaji ya matso ya tsaya a gabansa.

"Waɗanda ke dariyar, su suka gina asibitin da aka haifi jikokina. Da ubanka ya tsaya, da shi ne babban mai rakiya, don ya fi ni sanin daji. In sun sake ka, ka zo gida. Ɗakinsa na nan, ban bari kowa ya shiga ba."

Ɗan sanda ya kama hannun Shitu ya juya shi wajen ƙofa, sai ya turje. Luo ya yunƙura, Mas'uda ta ɗaga masa hannu.

"Ƙyale shi. Ba gudu zai yi ba."

Da baya da baya Shitu ya fita, ƙafa ba takalmi, idonsa a kan bakan har ƙofa ta rufe. Wani kurtu ya bi su a baya riƙe da takalman.